Ranar da Furera Ta Shiga Motar Asibiti

Shekara goma sha ɗaya Abdulmumini yana tuƙa motar asibitin garinsu, amma matarsa Furera ba ta taɓa sa ƙafa a cikinta ba. Abin da ta sani na aikin a bahon wanki ta san shi: farar riga mai jini a hannuwa, wando da taɓo har gwiwa, wani lokacin ma wani wari da sai kayan sun kwana a ruwa kafin ya fita.

Garinsu, Kanyar Maje, yana tsakanin Ɗanbatta da Bici, inda gona ke ƙarewa a bayan katangar wani, wata ta fara daga ƙofar wani. Asibitin ƙarami ne, ɗaki shida. Motar ɗaukar marasa lafiya ɗaya ce, direbanta ma ɗaya. Don haka Abdulmumini ba shi da Juma'a, ba shi da Salla. Ranar sunan 'yarsu Ummi ma ba a kai ga yanka rago ba aka kira shi, ya bar mutane zaune a kan tabarmi. A shekarar ne aka ɗauke shi aikin wucin gadi, aka ce nan da wata shida za a ba shi takardar tabbatarwa. Yanzu Ummi tana aji shida na firamare, takarda ba ta zo ba. Abin da ake ba shi a wata bai kai kuɗin buhun gero ba, kuma ba kowane ƙarshen wata yake zuwa a kan lokaci ba.

Da damina ta tsaya a bana sai Alhaji Ja'afaru, mai sayen gyaɗa da riɗi, ya aiko masa. Yana neman direba mai natsuwa da zai riƙa kai masa kaya kasuwar Dawanau. Albashi ninki uku, Juma'a hutu. Abdulmumini ya ce zai yi shawara. Sati uku ke nan yana shawarar.

Ran wata Talata, bayan azahar, ya shigo gida cin abinci, ya bar motar a ƙofar gida kamar yadda ya saba. Furera ta ajiye masa dambu, ta zauna a bakin tabarma.

"Baban Ummi, jiya matar Alhaji ta sake tambayata."

"Na ji."

"Kullum ka ji. Mutum ba zai yi ta jiranka ba, direbobi sun cika gari. Ni ba don kaina nake faɗa ba. Dubi yadda kake zama, sai ka dafa bango. Wa ya taɓa tambayarka bayan nan naka a asibitin?"

Ya yi ɗan murmushi, ya ci gaba da cin abincinsa. Wannan murmushin ya fi komai ba ta haushi. Ta buɗe baki za ta ƙara magana sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya ce, "Badaru ne." Ƙaninta ke nan, wanda ke zaune da mahaifinsu a Zangon Kuka.

Ba ta ji abin da Badaru ya ce ba. Ta dai ga mijinta ya ajiye cokali, ya miƙe tsaye ba tare da ya dafa komai ba.

"Ku danne wurin da tsumma mai tsabta, ku danne da ƙarfi. Kada kowa ya zuba masa komai. Ga ni nan." Ya juyo ya dube ta. "Baba ne. Suna huɗa, sa ya tunkuye shi a cinya. Yana magana, da ransa."

Furera ba ta san lokacin da ta fizgi mayafi daga kan igiya ba. Ta leƙa katanga ta ce wa maƙwabciya ta kula da yara, ta bi bayansa da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Bai ce mata ta koma ba. Ya buɗe mata ƙofar baya kawai.

Suka tsaya a asibiti minti biyu, Malama Maimunat, malamar jinyar da ke bin motar, ta fito da jakarta a guje. Doguwar mace ce mai tabarau, ta kusa hamsin. Ta riƙe hannun Furera ta ce, "Ki yi ta addu'a, mu kuma mu yi namu."

Cikin motar ba kamar yadda Furera ta zata ba ne. Ta ɗauka akwai na'urori da fitilu irin na talabijin. Benci ne guda, da wani gadon ƙarfe da aka ɗaure da igiyar roba don kada ya yi ta yawo. Ƙafafunsa biyu babu taya. Akwai tukunyar iskar numfashi a kusurwa, Malama Maimunat ta ga tana kallonta ta ce, "Babu komai a ciki, tun kafin azumi."

Daga titi suka sauka burtali, gero a dama da hagu ya kai ƙugu. An yi ruwa jiya, hanya ta yi santsi, amma Abdulmumini yana bi kamar mai karanta allon da ya haddace: nan ya hau gefe, can ya ratsa ta ƙarƙashin kuka, wani wurin ya taka da ƙarfi don kada taya ta zauna. A bakin kwarin da ke kafin gonar mahaifinta ya tsaya. Ruwa ya cika kwarin, mota ba za ta wuce ba. Ya kwance gadon ya saɓa a kafaɗa, ya shiga ruwan har cinya. Su ma suka tattare zannuwa suka bi shi.

Mahaifinta, Malam Yahya, yana kwance a gindin ɗorawa, mutane sun yi masa zobe. Tsoho ne mai shekara saba'in da 'yan kai, wanda ya ƙi yarda a karɓi garma daga hannunsa. Badaru yana durƙushe ya danna rawani a cinyarsa, rawanin ya rine. Wata tsohuwa ta taho da toka a ƙwarya.

Tun da Furera ta yi aure ba ta taɓa ganin mijinta ya haɗa ido da mahaifinta ba. Daga bakin zaure yake cire takalmi, ya tsuguna can nesa, ya yi gaisuwa da murya ƙasa-ƙasa, kansa a sunkuye. Yau kai tsaye ya ratsa mutane ya durƙusa a jikinsa.

"Inna, Allah ya saka da alheri, a ajiye tokar tukuna," ya ce wa tsohuwar, cikin ladabi amma ba da wasa ba. "Jama'a, a ja baya, a ba shi iska. Maman Ummi, kawo mayafinki. Ke da Inna ku riƙe shi nan, ku kare shi."

Malama Maimunat ta buɗe jaka. Safar hannu guda ɗaya ta rage. Ta miƙa masa, ya girgiza kai, ya zaro baƙaƙen leda biyu daga aljihu ya zura hannuwansa, kamar abin da ya saba. Ya ɗauki almakashi.

"Baba, ka yi haƙuri, zan yanka wandon."

Tsohon ya kai hannu yana neman jan rigarsa ya rufe. "Mumini… a kira Badaru ya yi…"

"Badaru hannunsa na kan ciwon, in ya ɗaga jini zai ɓalle. Ni ne dai, Baba. Ka rufe ido in ka fi so. An kare ka, ba mai gani."

Malam Yahya ya rufe ido. Furera tana riƙe da bakin mayafi, ta kau da kai, hawaye na bin fuskarta. Tana jin muryar mijinta, a natse, yana gaya wa tsohon duk abin da zai yi kafin ya yi shi. Zan ɗaure nan, zai yi zafi. Zan ƙara tamkewa. Sannu, Baba, an kusa. Ya ɗaure cinyar daga saman raunin, Malama Maimunat ta cusa auduga ta naɗe da bandeji, ta nemi jijiya a hannu ta sa ƙarin ruwa. Cikin ɗan lokaci jinin ya lafa.

Mutum huɗu suka ɗauki gadon, Abdulmumini a gaba ta hagu, wajen kai. Furera na biye, ta ɗaga ledar ruwan sama kamar yadda aka nuna mata. A tsakiyar kwarin ta ga ya yi ɗan tangaɗi, ya tsaya cak, ya ciji leɓe. Badaru ya ce, "Yaya, lafiya?" Ya ce, "Santsi ne. Mu je." Da suka zura gadon a mota, ya tsaya a jikin ƙofa ya riƙe marfin da hannu biyu, yana numfashi, kafin ya zagaya ya shiga.

Malama Maimunat ta ce wannan ya fi ƙarfin asibitinsu, sai Kano, za a yi ɗinki a ɗakin tiyata kuma sai an ƙara jini. Badaru ya zauna gaba. Maƙalin da ake rataya ledar ruwa ya karye, don haka Furera ta ci gaba da riƙewa, in hannun dama ya gaji ta mayar hagu.

Akwai 'yar taga tsakanin direba da baya. Suna hawa titi Abdulmumini ya tura ta ta buɗe.

"Baba, kada ka yi barci. Wanne ne ya yi maka wannan aikin, Jan ko Baƙin?"

Tsohon ya amsa a hankali, "Jan."

"Ashe! Ni da nake ganin ya fi hankali."

"Ba laifinsa ba ne," tsohon ya ce, muryarsa ta ɗan ɗaga. "Ƙwaro ne ya cije shi, ni kuma ina gyara masa igiya. Kada Badaru ya sayar da shi."

"To ga shi nan yana jin ka. A wace kasuwa ka saye shi ma? Ɗanbatta?"

Haka ya yi ta jan sa. Farashin san, shekarar da aka yi fari, ko gyaɗar bana za ta yi. Duk lokacin da muryar tsohon ta fara nitsewa sai ya jefo wata tambayar, idonsa na kan hanya, hannunsa na kan jiniya. Furera ba ta taɓa jin maganar da ta wuce gaisuwa tsakanin mutanen nan biyu ba. Yau har ta ji mahaifinta ya yi wata 'yar dariya.

Sun yi rabin tafiya sai motar ta gangara gefen titi. Abdulmumini ya fito da sauri, ya jawo galan daga bayan kujerarsa, ya ɗura mai a tanki, ya koma.

"Man da ake ba mu ba ya kai mu Kano sau biyu a sati," Malama Maimunat ta ce, tana duba bugun hannun tsohon. "Wancan galan ɗin nasa ne. Da an biya shi albashi sai ya cika shi. In dangin mara lafiya suna da hali su mayar masa, in babu shi ke nan." Ta ɗaga kai, ta ga fuskar Furera. "Au. Ba ki sani ba."

Furera ta tuna ranakun da ta yi miya ba ko ƙashi, ta tuna takalmin makarantar Ummi da aka kai ɗinki sau uku. Wani ɗaci ya taso mata. Sai ta dubi ƙirjin mahaifinta yana hawa yana sauka, motar kuma tana gudu da man galan ɗin. Ta rasa inda za ta ajiye ɗacin. Ta canza hannu, ta ƙara ɗaga ledar.

A Kano suka sha cunkoso. Wasu na kaucewa, wasu masu adaidaita sahu ko a jikinsu. Ana kiran la'asar suka shiga babban asibitin. Abdulmumini ya san masu tura gado da sunayensu, ya san ƙofar da ta fi kusa, ya gaya wa likita ƙarfe nawa aka ɗaure cinyar ba tare da ya duba agogo ba. Aka shige da Malam Yahya, aka tafi da Badaru ɗibar jini.

Bayan kamar awa guda likita ya fito ya ce an tsayar da jinin, ƙafar ma za ta tsira, wanda ya yi ɗaurin ya san abin da yake yi. Furera ta fita neman mijinta ta gaya masa. Ta same shi a bayan ginin, kusa da famfo. Ya buɗe motar yana wanke jinin da ke ƙasanta da bokiti da tsumma. Ba a sunkuye yake ba, a gwiwoyinsa yake, hannu ɗaya ya dafa benci.

Ta gaya masa. Ya ce, "Alhamdu lillahi," ya jingina goshi da bencin ya daɗe a haka.

"Kawo tsumman," ta ce.

"A'a, bar shi."

"Jinin ubana ne. Kawo."

Ya zaro mata leda biyu, ya ɗaure mata su a wuyan hannu da kansa, sannan ya sauko a hankali ya zauna a bakin ƙofa. Ba ta gama ba wayarsa ta sake ƙara. Mai naƙuda ce a wani ƙauye wajen Bagwai, tun safe. Ya kira Malama Maimunat, ya ba Furera 'yan canjin da ke aljihunsa don ta sayi ruwa da burodi. Ta tsaya riƙe da bokitin wani tana kallon motar har ta sha kwana. Dambun da ya bari a gida cokali huɗu ya ci.

Kwana goma sha tara Malam Yahya ya yi a Kano. Da aka sallamo shi, Abdulmumini ya je gaisuwa tare da Furera. Ya cire takalmi a bakin zaure kamar kullum, ya fara ƙoƙarin tsugunawa. Tsohon ya buga sandarsa a ƙasa.

"Kai, Mumini, tashi. Zo nan." Ya matsa, ya bar masa rabin buzun da yake zaune a kai. "Zauna."

"Baba, nan ma ya isa."

"Na ce ka zauna. Wace kunya ta rage tsakanina da kai?"

Ya zauna a gefen buzun, a takure, kansa ƙasa. Tsohon ya ɗora hannu a kan gwiwarsa, ya yi ta sa masa albarka. Furera ta shige cikin gida wajen mata don kada a ga idonta.

A hanyar komawa, suna tafe a ƙasa ta cikin gonaki da yamma, ta ce, "Baban Ummi, maganar Alhaji. A bar ta. Ba zan ƙara tayar da ita ba. Abin da Allah ya hore mana ya isa."

Ya yi tafiya kaɗan kafin ya amsa. "Na riga na ce masa to."

Ta tsaya.

"Ranar nan a kwari ba santsi ba ne," ya ce. "Ƙafata ta hagu ce ta mutu, daga ƙugu har yatsu. Saura kaɗan in saki gadon, Baba a kai, a cikin ruwa. Na je an duba ni a Kano. Likita ya ce tuƙi ba laifi in ina hutawa, amma ɗaukar nauyi in na ci gaba, wata rana a kwance za a ɗauko ni. Kuma kin san mai aikin wucin gadi in ya kwanta, ya kwanta wa matarsa ne kawai. Ba wanda zai biya masa ko allura."

"To su wa za su riƙa ɗauko mutane?" Ita kanta ta ji mamakin tambayar a bakinta.

"Na roƙi Alhaji ya ba ni zuwa kaka. Akwai wani Sabiru, wanda ke jan tasi zuwa Kano, motar ubangidansa ta lalace, ya ce yana son aikin asibitin. Na gaya masa gaskiya, kuɗin da komai, ban ɓoye masa ba. Ya ce zai gwada. Zan nuna masa hanyoyi, da ɗauri, da yadda ake ɗaga mutum."

Furera ta fashe da kuka a nan tsakiyar gero. Ya tsaya yana kallonta, ya rasa abin yi.

"Ikon Allah. Ba ke kika yi ta so ba?"

"Ni ce. Ka ƙyale ni in yi kukana."

Ya ƙyale ta. Da ta gama ya miƙa mata hankicinsa, suka ci gaba da tafiya, ita ta rage sauri don ƙafarsa.

Wata uku ya yi yana yawo da Sabiru a gefensa. Malama Maimunat ta rubuta takardar koke, dagatai biyar suka sa hannu, Malam Yahya ya dangwala yatsa. Sun roƙi direba na biyu, da tabbatar da wanda ke kai, da sabon gado. Gadon ya zo bayan an cire gyaɗa. Sauran aka ce ana dubawa.

Ya fara aikin Alhaji Ja'afaru a farkon watan sanyi. Ranar Alhamis ta sati na biyu, rana ta yi ja bai dawo ba, alhali ya ce kafin la'asar zai iso. Furera tana tankaɗe wayarta ta yi ƙara.

"Maman Ummi, zan ɗan yi latti."

"Motar ce?"

"A'a. Mai babur ne ya faɗi da matarsa wajen Bici, mutane sun taru suna ta kallo. Na ɗan tsaya."

"Da gyaɗar Alhaji a baya?"

"Na kira shi. Ya yi faɗa kaɗan, daga baya ya ce in kai su asibiti. Ban ɗaga kowa ba, wallahi, nuna musu kawai na yi."

Ta ajiye rariyar, ta goge hannu a zani.

"Sun rayu?"

"Sun rayu. Matar ce ta karye a hannu."

"To. Ka taho a hankali, Ummi na nan tana jiranka da lissafin makaranta, ni na kasa."